Tocila a zamanin yaƙin haraji: abin da mai sha'awa a Garwa, Marwa da Injamaina zai tanada

Tocila mai kyau ba ƙasa ɗaya ke yin ta ba. Ƙera jikin alminiyum da harhaɗa ta kusan duk a kudancin Sin ake yi, a Shenzhen, Dongguan da Guangzhou, kuma Convoy, Sofirn, Wurkkos, Fenix, Nitecore da Acebeam duk kamfanonin Sin ne. Ƙwan LED ɗin da ke ciki yana iya zama na Nichia daga Japan, ko na Osram daga Jamus, ko na Cree wanda asalinsa Amurka ne, ko na Luminus, wanda ofishinsa ke Kalifoniya amma kamfanin Sanan na Sin ya saye shi tun 2013. Batirin kuwa, idan na gaske ne, na Samsung ko LG ne daga Koriya ta Kudu, ko Panasonic da Murata na Japan, ko Molicel na Taiwan, ko EVE, BAK da Lishen na Sin. Kafin wannan kaya ya iso hannunka a Marwa sai ya hau teku, ya sauka Duwala ko Kiribi, ya bi jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngaundare, sannan ya kama hanyar arewa. Duk inda aka samu saɓani a wannan doguwar hanya, a aljihunka zai fito.

Ra'ayinmu shi ne tocila ba za ta ƙare a kasuwa ba, wataƙila ma ta ƙara yawa. Abin da yaƙin haraji tsakanin Amurka da Sin da sauran rikice-rikicen ciniki ke ci shi ne batir na gaske, da kayan gyara, da ingancin abin da ke cikin kwali. A kan waɗannan ukun ya kamata shirinka ya tsaya.

Wane rikici ne ya shafe mu, wane ne labarin rediyo kawai

Harajin da Amurka ke ɗora wa kayan Sin tun 2018, wanda ya kai kashi 145 cikin ɗari a Afrilun 2025 kafin a sassauta shi a watan Mayu bayan zaman Janiba, ba kai ke biyan sa ba. Mai saye a Amurka ke biya. Haka ma soke rangwamen da ke barin ƙunshin da bai kai dala 800 ba ya shiga Amurka ba tare da kuɗin fito ba, wanda aka yi wa kayan Sin ranar 2 ga Mayu 2025. Idan ɗan kasuwa ya ce maka ya ƙara kuɗi saboda harajin Amurka, neman hujja yake. Inda abin ke taɓa mu ta bayan gida ne. Kayan da suka rasa shiga can sukan nemi wata kasuwa, shi ya sa tocilolin araha ke ƙara cika shaguna. Ƙananan kamfanonin da ke yi wa masu sha'awa tocila kuwa, waɗanda yawancin cinikinsu da Amurka da Turai ne, sukan rage ire-iren da suke fitarwa idan ciniki ya ja baya, kuma idan an daina ƙera wata tocila, fanel ɗinta, wato ɗan faifan lantarkin da ke daidaita wutar da ke zuwa ƙwan LED, da makunninta ke fara ɓacewa.

Sai takunkumin ma'adinai. Daga 1 ga Agusta 2023 Sin ta ce sai da lasisi za a fitar da galiyom da jamaniyom, a Disamban shekarar ta ƙara da girafait, a Afrilun 2025 kuma ta sa wasu ma'adinai bakwai a jerin, ciki har da itiriyom da lutetiyom. Galiyom ne tushen ƙwan LED mai shuɗin haske, itiriyom da lutetiyom kuma suna cikin hodar rawaya da ake shafa masa don hasken ya koma fari. Da jin wannan sai mutum ya ɗauka kuɗin LED zai ninka. Ba haka ba ne, domin abin da ƙwai ɗaya ke ci bai taka kara ya karya ba. Illar jinkiri ce: masana'antar da ke wajen Sin ta jira lasisi, wani nau'in ƙwai ya yanke na wasu watanni, mai haɗa tocila ya sa wani a madadinsa, wani lokaci bai ma canja rubutun kwali ba.

Batir ne ya fi jin jiki. Girafait ne ke ɓangaren ragi (−) na kusan kowane batirin litiyom. Kobalt kuwa Kongo Kinshasa ce ke haƙo fiye da kashi biyu cikin uku na duniya, kuma ta dakatar da fitar da shi a Fabrairun 2025, daga baya ta koma ƙayyade adadi. Ita ma Sin ta rage rangwamen harajin da take mayar wa masu fitar da batura daga kashi 13 zuwa 9 ranar 1 ga Disamba 2024, wanda kai tsaye yake ƙara wa mai saye na waje kuɗi. A Oktoban 2025 ta sanar da sa lasisi a kan baturan da suka kai Wh 300 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) a kowane kilo, sannan ta dakatar da matakin. Ko da ya dawo, yi lissafi kafin ka firgita: batirin Samsung 35E mAh 3500 ne (ma'aunin cajin da ake rubutawa a jikin batir) a kan volt 3.6, wato Wh 12.6, nauyinsa kusan giram 50, ya kama Wh 250 da ɗoriya a kilo. Yana ƙasa da layin.

Amma abin da ya fi saurin isowa shagon unguwa shi ne canji da hanya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, alhali tocila da dala ko yuwan ake sayen ta. A Satumban 2022, da yuro ya faɗi ƙasa da dala, dala ɗaya ta haura sefa 680, a tsakiyar 2025 kuma ta sauko kusa da 560. Tocilar dala 25 ke nan ta tashi daga sefa 17,000 zuwa 14,000 ba tare da masana'anta ta taɓa farashinta ba. Wanda ke da niyyar babbar oda, ya fara duba canjin yuro da dala kafin ya saurari jawabin kowane shugaba.

Kan hanya kuwa, hare-haren Bahar Maliya da suka fara a Nuwamban 2023 sun sa manyan jiragen ruwa zagayawa ta kudancin Afirka. Jiragen da ke zuwa Duwala kai tsaye daga Asiya dama can ta nan suke bi, amma da kwantena ta yi ƙaranci, kuɗin dako ya tashi ko'ina. Kuma duk abin da dako ya ƙara, duwan na ninka shi, saboda a kan kuɗin kaya haɗe da dako da inshora ake lissafin fito. A 2025 harajin bai-ɗaya na ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, matakai huɗu ne, 5, 10, 20 da 30 cikin ɗari, sannan TVA ta hau kai, 19.25 a Kamaru. Ɗauki misalin kayan da suka tsaya sefa 100,000 a tashar Duwala kuma suka faɗa matakin 30: sun zama 130,000, da TVA 155,025, ban da ƙananan kuɗaɗe da motar arewa. Idan dako ya ƙaru da 10,000, kai 15,500 za ka ji. Tambayi mai fitar maka da kaya matakin da lamba 8513 ta tocila da 8507.60 ta batirin litiyom suke a takardar bana, kada ka yi lissafi da ta bara.

Iyakokin maƙwabta ma nasu ne. Kaya da yawa na kasuwannin Garwa da Marwa ta Mubi, Yola da Maiduguri suke shigowa, daga Kano ko Alaba ta Legas. Da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 an ga yadda kaya suka yi wuya. Da naira ta karye daga Yunin 2023, mai sefa ya sami araha na ɗan lokaci, har tsohon kaya ya ƙare aka shigo da sabo a sabon canji. Chadi ba ta da teku, mafi yawan kayanta sai sun yi tafiyar sama da kilomita 1,800 daga Duwala, ko dai ta Kusuri su haye gadar Ngeli, ko ta Tuboro zuwa Mundu, kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula hanyar gabas. Mutumin Injamaina ya fi kowa buƙatar tanadi, musamman kafin damina ta lalata hanyar Mora zuwa Kusuri.

Zaɓi tocilar da ba za ta mutu da mutuwar batirinta ba

Ka'ida ta farko: kada ka sayi tocila mai tsada wadda ba a cire batirinta, ko wadda sai batirin kamfaninta kaɗai take karɓa. Wasu ire-iren Olight, alal misali, suna amfani da batir na musamman mai ƙari (+) da ragi (−) duka a gefe guda. Haskensu ba laifi, amma ranar da hanya ta toshe, tocilar ta zama kayan ado. Nemi mai cin 18650 ko 21700 na kowa da kowa. Lambar awo ce: 18650 kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, shi kuma 21700 milimita 21 da 70. A yankinmu 18650 ya fi sauƙin samu, don yana cikin tsofaffin baturan laftof, da fawa bank, da fitilun sola.

Kula da tsawo. Batir mai faifan kariya a gindi yakan kai milimita 68 zuwa 70, wata tocilar ba za ta rufu da shi ba, idan ka matsa kuma ka lotsa gindinsa. Wata kuma sai mai ɗan tudu a kai, mai shafaffen kai ba ya taɓa fanel. Gwada kafin ka sayi goma.

Ka riƙe aƙalla tocila ɗaya mai cin AA da 14500 (batirin litiyom mai girman AA) duka biyu, irin Sofirn SP10 Pro ko Convoy T3, domin AA ba ya yankewa ko a kasuwar ƙauye. Sai dai kada ka kuskura ka sa 14500 a tocilar da AA kawai aka yi ta dominsa. Girmansu ɗaya, amma wannan volt 4.2 ne idan ya cika, wancan 1.5, nan take fanel zai ƙone. Batirin AA na araha kuma kada ya kwana wata guda a ciki, yana zubar da ruwa ya cinye sifirin.

Ta fuskar gyara, Convoy S2+ da C8 sun fi dacewa da wanda ke nesa da masana'anta, saboda ba a manne su da gam ba, komai da zoben zare aka ɗaure. Fanel ɗin duka biyun milimita 17 ne, farantin ƙwan S2+ milimita 16, na C8 kuma 20. Fanel mai ƙwayoyin 7135, wato ƙananan na'urorin da ke ƙayyade wutar da ke wucewa, shi ne mafi sauƙin fahimta: kowace ƙwaya mA 350 take bari ya wuce, huɗu 1400, takwas 2800. A zafin watan Afrilu, S2+ mai ƙwaya takwas ba ta riƙuwa a hannu bayan 'yan mintuna a matakin ƙarshe, don haka mai huɗu ko shida ta fi mana amfani, kuma batir ya fi daɗewa.

Abin da ya kamata ya kasance a gwangwanin kayan gyara ga kowace irin tocila da kake da ita: fanel ɗaya, makunni biyu da robarsu, gilashi biyu, zoben roba na kowane mahaɗi, da ƙwai biyu a kan farantinsu. Duka ba su da nauyi, suna shiga ambulan, kuma ba su da dokar jirgi irin ta batir. Wajen sayen ƙwai duba abu biyu. Na farko girman ƙafa: 3535 shi ne na XP-L, Nichia 519A da Samsung LH351D, 5050 kuma na XM-L2, SST-40 da SFT-40. Na biyu volt: akwai na volt 3, akwai na 6 da 12, kuma fanel ɗin volt 3 ba zai kunna na 6 ba. Idan nau'in da kake so ya yanke, duk wani mai girman ƙafa iri ɗaya da volt iri ɗaya zai zauna, launin haske da nisan jifa ne kawai za su bambanta. Wajen ɗaurawa a shafa man sanyaya siriri ƙarƙashin farantin, a tabbata zoben ya matse shi. Farantin da bai zauna daram ba shi ke sa haske ya koma shuɗi-shuɗi, daga nan ƙwan ya mutu. Zoben roba kuma man silikon ake sa masa, man inji yana kumbura shi.

Gane batir na gaske

A nan ya kamata a daɗe, domin duk lokacin da na gaske ya yi tsada, jabu ke cike gurbin. Araha ba ta ado.

Fara da rubutun jiki. Sanannun 18650 na manyan kamfanoni a tsakanin mAh 2500 da 3500 suke: Samsung 30Q 3000 ne, 35E da LG MJ1 3500. Duk wanda aka rubuta wa 6800, 8800 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta, ba sai an gwada ba. Ga 21700, Molicel P42A 4200 ne, Samsung 50E 5000.

Sai sikeli. Ƙaramin sikelin masu sayar da zinariya ya isa. 18650 na gaske yana tsakanin giram 44 da 50, 21700 kusan 67 zuwa 70. Wanda ya nuna giram 30 ko 35 rabin cikinsa fanko ne. Amma nauyi kaɗai ba ya wanke batir, don akwai masu cika shi da abin da zai ƙara masa nauyi, akwai kuma tsohon batir na gaske da aka ciro daga wani kaya aka sa masa sabuwar riga. Irin wannan ana gane shi da idanu: kalli kai da gindi a hasken rana, za ka ga ɗigo-ɗigo huɗu ko ƙarcen dutse inda aka kankare walda. Sabon batir kansa sumul yake, kuma yakan zo da volt 3.4 zuwa 3.7. Wanda ya zo a cike da 4.2 daga cikin kwali wani ya riga ka taɓa shi.

Gwajin da ke yanke hukunci shi ne na caja mai awo, irin LiitoKala Lii-500 ko Opus BT-C3100. Caja ɗaya ta ishi mutum goma idan za a yi karo-karo. Tana cika batir, ta sauke shi a mA 500, ta nuna abin da ya fito. Batirin 3000 zai ɗauki kusan awa shida a saukewa kawai, saboda haka a haɗa ta da batirin sola ko wata wutar da ba za a ɗauke ba, in ba haka ba gwajin ya koma farko. Sabon batir ya ba da aƙalla kashi 90 cikin ɗari na abin da aka rubuta. Waɗannan cajojin suna nuna turjiyar cikin batir ma, amma awon nasu ba daidai yake ba, yana canjawa da yadda batir ya zauna. Amfaninsa kwatanci: auna wanda ka amince da shi a rami ɗaya, sannan ka auna sabon. Idan sabon ya ninka shi biyu ko uku, ba zai iya da tocila mai ƙarfi ba, za ka ga haske ya faɗi da zarar ka kai matakin sama.

Na ƙarshe, cika shi zuwa 4.2, ka rubuta rana a jikin salatif, ka ajiye mako biyu. Lafiyayye zai tsaya sama da 4.1. Wanda ya sauko ƙasa da 4.0 yana cin kansa, kada ya shiga tocila.

Idan sabo ya gagara, baturan tsohuwar laftof mafita ce, da sharaɗi. Yawanci shida ne a ciki, kuma sau da yawa biyu ne suka mutu suka ja wa sauran. Fasa kwalin da abin roba ko katako, ba da wuƙa ba. Auna kowanne: wanda ke ƙasa da volt 2 a ware shi gefe, kada a yi ƙoƙarin tayar da shi, domin irinsa ne ke kama wuta a kan caja. Sauran a caja su a hankali, mA 500, kana kusa kana taɓawa. Wanda ya yi zafin da hannu ba ya jurewa ya fita. Rigar da ta yage ko zoben da ke kewaye da kai da ya ɓace a canja su kafin amfani, saboda duk jikin gwangwanin ragi ne, tazararsa da ƙari a wajen kai ba ta wuce milimita biyu ba. Waɗannan baturan na ƙaramar wuta ne, sun dace da tocilar amp ɗaya zuwa biyu. Kuma kada a haɗa tsoho da sabo a tocila mai cin biyu a jere: mai rauni zai riga ƙarewa, ɗayan ya tura masa wuta ta baya.

Wani abin lura: batirin Sin ba shi ne jabu ba. EVE, BAK da Lishen masana'antu ne na gaske, kuma idan na Koriya da Japan suka yi wuya, su ne za su fi samuwa. Gara EVE na gaske da Samsung na ƙarya.

Nawa za a tanada, a ina za a ajiye

Batir ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a manta, yana tsufa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi da cikakken caji su ke gaggauta tsufan. Biyu ga kowace tocilar da kake amfani da ita kullum, da biyu ko huɗu na ajiya ga gida gaba ɗaya, sun isa shekara biyu zuwa uku. Wanda ya tara hamsin don tsoron yaƙin haraji zai tarar rabin ƙarfinsu ya tafi kafin ya kai kansu.

Na ajiya a bar su a volt 3.6 zuwa 3.7, kowanne a akwatin robarsa, ba a aljihu tare da makulli da tsaba ba. Wuri mafi sanyi a yawancin gidajenmu shi ne ƙasa, a ɗakin da rana ba ta bugu, kusa da randa amma ba inda ruwa ke ɗiga ba. Saman kwaba ƙarƙashin rufin kwano shi ne mafi muni, sai cikin mota da akwatin babur. Firiji ma ba shawara ba ce inda ake yawan ɗauke wuta, don duk fitarwa sai raɓa ta kwanta masa. Duba su bayan wata shida, wanda ya sauko 3.4 a ɗan ƙara masa.

Takardun masana'anta sun ƙayyade caji tsakanin digiri 0 da 45. A Garwa, Marwa da Injamaina, daga Maris zuwa Mayu, inuwa kanta tana wuce 40, ɗakin kwano da rana tsaka ya fi haka, ga zafin da cajin ke ƙarawa. A yi caji da dare ko da asuba, a amp ɗaya ko ƙasa, a kan siminti ko tayil, ba kan katifa ba. Lokacin ne kuma ruwan dam ɗin Lagdo ke ja baya, wuta ta riƙa zuwa tana tafiya, kuma dawowarta da ƙarfi ke kashe caja. Caja mai shiga ta USB ta fi, domin abin da zai ƙone kan cajar waya ne mai araha, kuma tana aiki da faifan sola na watt 10. Batirin 3000 kusan Wh 11 ne, a amp ɗaya yana cika cikin awa uku da rabi. Faifan ya sha rana, caja da batir su zauna a inuwa da doguwar waya.

Akwai 18650 na LiFePO4, wanda babu kobalt ko nikel a cikinsa kuma ya fi jure zafi. Ƙarfinsa kusan rabi ne, mAh 1500 zuwa 1800, volt ɗinsa 3.2, kuma a 3.65 ake tsayar da cajinsa. Cajar 4.2 tana lalata shi, a tocila mai 7135 kuma haskensa raunana yake. Ya fi dacewa da fitilar ɗaki.

Yin oda da karɓar kaya

Batir shi kaɗai, mai lamba UN3480, an hana ɗaukar sa a matsayin kaya a jirgin fasinja tun Afrilun 2016, gidan waya kuma ba ya karɓar sa sai yana cikin na'ura. Wannan ne dalilin da ya sa mai sayarwa a AliExpress zai aiko maka tocila amma ya soke odar batir. Hanya mafi sauƙi ita ce sayen tocila da batirinta a ciki. Idan ana son da yawa, a haɗu a ba wakili a Guangzhou ya sa a kwantena, a gaya masa gaskiya cewa batura ne, a nemi takardar gwajin UN38.3 daga mai sayarwa. Ɓoye su cikin wasu kaya yana jawo a riƙe kayan kowa. Matafiyi daga Dubai ko Sin yana iya riƙo kaɗan a jakar hannu, kowanne a rufe, ba a jakar da ake aunawa ba. Iyakar da aka saba ita ce Wh 100 ga batir ɗaya, 18650 bai wuce 13 ba, amma kowane kamfanin jirgi yana da nasa adadin, a tambaya tun kafin ranar tafiya.

Masana'antun Sin suna rufewa makonni a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, da kuma makon farko na Oktoba. Kayan da kake so su iso kafin zafin bazara a yi odarsu tun Nuwamba. Kada a zuba kuɗin ƙungiya duka a oda ɗaya: a fara da guda biyu, a gwada, sannan a ƙara, kuma ko daga wurin mutum ɗaya ne, kowane sabon zuwa a sake gwada shi, don canjin kayan ciki a tsakanin zubi biyu yake faruwa.

Da kaya sun iso, ɗauki bidiyon buɗe kwalin, shi ne hujjarka. Cire murfin gindi, sa mita a ma'aunin amp 10, waya ɗaya a gindin batir, ɗaya a bakin bututun inda babu fenti, ka karanta abin da tocilar ke ja. Lumen 1000 na gaske (lumen shi ne ma'aunin yawan haske) yana buƙatar kusan amp 3 daga batir ɗaya. Tocilar da kwalinta ya ce lumen 100,000 amma take jan amp ɗaya, haskenta bai wuce 300 zuwa 400 ba. Wayoyin mita sirara suna rage awon, a yi amfani da gajeru masu kauri. Kwance kai ka duba ko farantin ƙwan jan ƙarfe ne ko alminiyum, ko akwai man sanyaya, ko yana zaune a kan ƙarfe ko a kan rami. Gwada ramin USB-C da waya mai C a kai biyu: idan bai yi caji ba sai da waya mai A, an tsallake ƙananan resisto biyu na 5.1k don rage kuɗi, kuma wanda ya yi rowar wannan ya yi ta wani wuri. Bayan cajin farko cire batirin ka auna. Ya tsaya tsakanin 4.15 da 4.22. Idan ya kai 4.3, daina caji a cikin tocilar, koma wa caja ta waje.

Wanda zai bi hanyar Mora, Kusuri ko bakin tafkin Chadi da sabon kaya ya guji tocila mai kamannin kayan soja, mai rodi-rodin kaki, ko haƙora a baki, ko maƙalin bindiga, haka ma mai leza. A shingen bincike irinsu na jawo tambayoyin da baƙar tocila ko mai launin toka ba ta jawowa. Ya riƙe rasit da takardar duwan a jikinsa, batura kuma su kasance a akwatunansu inda za a iya buɗewa a gani ba tare da an zazzage jaka ba.